Zaman Gwanzu: Zangon da takarda ce mai masaukinka

Daga Zango, Wagadugu

Duk wanda ya saba zama a majalisar 'yan kasuwa a kasuwar Rood Woko ko Sankaryare bayan sallar La'asar, ya san ba a daɗewa ana hira sai sunan Gwanzu ya faɗo ciki. Wannan ya ce kwantenarsa ta iso Lome, wancan ya ce yaronsa da ke can ya turo masa hoton sabon samfurin takalmi. A gefe kuma ga samari sun kasa kunne, kowanne yana lissafi a zuci na yadda zai haɗa kuɗin jirgi shi ma ya tafi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan makon shi ne yawancin samarin nan ba zuwa saro kaya su dawo ke ransu ba. Zama suke so su yi a can, su riƙa saya wa mutane kaya suna cin la'ada. Daga Sinkase zuwa Puytenga, daga Maraɗi zuwa Jibiya da Illela, maganar ke nan.

Ba mu ce kada a je ba, domin mu jikokin fatake ne, tafiya gadonmu ce. Sai dai ya kamata mai shirin tafiya, da uban da zai ba shi jari, su san irin zangon da za a sauka.

Zangon da muka sani

Tun kafin Faransawa su shigo Wagadugu a 1896 kakanninmu suke ratsa ƙasar Mosi da jakuna, sun ɗauko kanwa da baƙin yadi na Kano da kayan fata, sun nufi Salaga a ƙasar Gwanja don sayen goro. Wasu suka yada zango a nan ƙarƙashin inuwar Moro Naba, har unguwar ta kafu, wadda a takardun hukuma ake rubuta ta Zangouettin. A wancan tsarin baƙo ba ya ɓata. Yana da madugu a hanya, yana da fatoma a gari. Fatoma ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ci bashinsa, in kuma rigima ta taso ya kai shi gaban sarkin zango. Mutum shi ne jinginar mutum.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2003 aka yi mana rashi biyu. A watan Mayu gobara ta cinye Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Kafin shekarar ta ƙare kuma aka shiga rusa tsohuwar unguwar Zango tare da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Peuloghin da wani ɓangare na Koulouba, saboda shirin gwamnati na ZACA. Aka kwashe jama'a, wasu aka ba su filaye a wajen Waga 2000, wasu a Nioko. A lokacin muka ga da idonmu cewa daɗewa a wuri ba ta hana a tashe ka ranar da hukuma ta buƙaci wurin. Wannan darasin muke so a riƙe yayin da muke maganar ƙasar Sin.

Yadda hanya ta koma gabas

A shekarun 1990 manyan 'yan kasuwarmu Dubai da Bankok da Jakarta da Hong Kong suke zuwa. Rikicin kuɗi da ya afka wa ƙasashen Asiya a 1997 ya sa da yawa daga cikin 'yan Afirka ta Yamma da ke zaune a Bankok da Jakarta suka tattara suka nufi kudancin Sin, inda masana'antun suke. Da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, sai ƙofa ta ƙara buɗewa.

Birnin da ake rubutawa Guangzhou, mu kuma muke ce masa Gwanzu, shi ne babban birnin lardin Guangdong. A ƙidayar 2020 mutanensa sun haura miliyan 18, alhali Burkina Faso gaba ɗaya a ƙidayar 2019 mutum miliyan 20 da rabi ne. Tun 1957 ake gudanar da babbar kasuwar baje koli ta Canton a birnin, sau biyu a shekara, ɗaya ta fara a Afrilu ɗaya a Oktoba. Kewaye da shi kuma kowane gari da sana'arsa. Foshan ta shahara da tayil da kujeru, Shenzhen da wayoyi da kayan lantarki, kuma a can ne kamfanin da ke yin Tecno da itel yake. Guzhen garin fitilu ne, a Jiangmen ake ƙera babur ɗin Haojue. Mai neman ƙananan kaya kamar sarƙa da cokali da kayan wasan yara, shi sai ya ƙara gaba zuwa Yiwu a lardin Zhejiang.

Mu 'yan Burkina mun daɗe muna shan wata wahala da maƙwabtanmu ba su sha ba. Daga 1994 zuwa 2018 gwamnatinmu da Taiwan take hulɗa, saboda haka babu ofishin jakadancin Sin a Wagadugu. Mai neman biza sai ya tsallaka wata ƙasa ya nema. A watan Mayun 2018 aka maido da hulɗa da Beijing, a watan Yuli kuma aka buɗe ofishin jakadancin. Wannan sauƙin na cikin abin da ya ƙara wa samari kwaɗayin tafiya.

Shawbe da Sanyuwanli

Baƙon Afirka da ya sauka a filin jirgin Baiyun, galibi ta Addis Ababa ya biyo, ɗaya daga cikin unguwanni biyu zai nufa. Ta farko ita ce Xiaobei, wadda bakinmu ya mayar Shawbe. Nan ne matattarar Musulmi da masu jin Faransanci, 'yan Mali da Gini da Senegal da Nijar da mu, tare da Larabawa da Musulmin Sin. A nan dogon ginin Tianxiu yake, wanda benayensa ke cike da shaguna da ofisoshin masu tura kaya. Ta biyu ita ce Sanyuanli, inda 'yan Nijeriya, musamman Inyamurai, suka fi yawa, kusa da manyan kasuwannin tufafi irin su Canaan.

A ido, Shawbe zango ce sak. Za ka ji Hausa da Bambaranci da Fulatanci da Zabarmanci a kan titi ɗaya. Akwai matan da ke dafa tuwo da shinkafa da miyar gyaɗa a cikin gidaje ana zuwa ana saye. Akwai gidajen abincin halal na Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui da Uigur. Ranar Juma'a jama'a kan cika masallacin Xianxian, inda Musulmin Sin suke cewa a nan kabarin Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, ko da yake malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Akwai kuma tsohon masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya, wanda ake lissafa shi cikin mafi daɗewa a ƙasar. Kowace ƙasa tana da ƙungiyarta da shugabanta, su ne ke sasanta rigima, su ne ke karo-karo idan wani ya kwanta asibiti ko ya rasu.

To amma ga inda bambancin yake. Shugaban ƙungiya ba sarkin zango ba ne, kuma wanda ya sauke ka ba fatoma ba ne, domin shi ma baƙo ne, bizarsa tana da ranar ƙarewa kamar taka. Ranar da ɗan sanda ya tare ka a bakin tashar jirgin ƙasa, ba zai tambaye ka ɗan gidan wane ne kai ba. Fasfo zai nema, ya duba kwanan wata.

Abin da doka ta ce

Tun ranar 1 ga Yulin 2013 Sin take aiki da sabuwar dokar shige da fice, kuma duk mai niyyar zama ya kamata ya san abubuwa huɗu a cikinta.

Na farko, biza iri-iri ce. Mai harafin M ta ciniki ce, ka zo ka saya ka koma. Mai harafin Z ta aiki ce, sai wani kamfani mai rajista ya ɗauke ka ya nema maka izini. Mai harafin X ta karatu ce. Wanda ya shiga da bizar ciniki ko ta karatu ya kama aiki a shagon wani ba da izini ba, ya karya doka, kuma tararsa daga yuwan 5,000 ne zuwa 20,000, ana iya haɗa masa da tsarewa.

Na biyu, wanda bai sauka a otal ba, ya sauka a gidan ɗan'uwa ko ya kama haya, wajibi ne ya yi rajista a ofishin 'yan sanda na unguwar cikin sa'o'i 24. Samari da yawa a nan suke fara tuntuɓe.

Na uku, wanda bizarsa ta ƙare bai fita ba, ana iya cin tararsa yuwan 500 a kowace rana har ta kai 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Yuwan 10,000 ya tasam ma sefa dubu ɗari takwas, gwargwadon yadda canji ya kama. Bayan haka ana iya mayar da shi gida a kuma hana shi shiga ƙasar na shekara 1 zuwa 5. Ga ɗan kasuwar da duk harkarsa ta dogara da Sin, wannan hanin ya fi tarar ciwo.

Na huɗu, aure ba ya warware matsalar. Wanda ya auri 'yar ƙasar yana iya samun takardar zama ta iyali, amma wannan takardar ba ta ba shi izinin aiki. Haka kuma Sin ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, saboda haka 'ya'yan da aka haifa dole a zaɓa musu ɗaya.

Wanda bizarsa ta mutu ya zama kamar ɓera a gidan kyanwa. Ba ya iya kama otal, ba ya iya sayen tikitin jirgin ƙasa, yana tsoron asibiti, in kuma aka cuce shi ba shi da bakin kai ƙara. A watan Yulin 2009 ɗaruruwan 'yan Afirka sun yi zanga-zanga a gaban wani ofishin 'yan sanda a Gwanzu bayan wani ɗan Nijeriya ya diro daga bene yana gudun masu binciken fasfo. A watan Yunin 2012 an sake yin wata, bayan wani ɗan Nijeriya ya rasu a hannun 'yan sanda sakamakon saɓani da wani ɗan acaɓa a kan kuɗin haya.

Akwai kuma maganar da ba ma so mu yi amma dole ce. Kada wanda ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani ba a filin jirgi, ko daga hannun wa ya fito. A dokar Sin, safarar hodar iblis irin ta heroin da ta kai giram 50 tana iya kai mutum ga ɗaurin shekara 15, ko rai da rai, ko kisa.

Ranar da aka tashi zango

An sha yaɗa cewa 'yan Afirka a Gwanzu sun kai dubu ɗari ko fiye. Farfesa Adams Bodomo, ɗan Gana, wanda ya wallafa littafi a kan 'yan Afirka a Sin a 2012, yana cikin waɗanda suka yi ƙiyasi mai yawa irin wannan. Hukumar birnin kuwa a 2014 ta ce mazauna 'yan Afirka kimanin 16,000 ne. Daga wannan shekarar aka shiga gyaran unguwar Dengfeng da ke cikin Shawbe, aka kori masu kasa kaya a titi, aka ƙara 'yan sanda da na'urorin ɗaukar hoto. Faɗuwar farashin man fetur da karyewar naira a 2015 da 2016 suka ƙara rage masu zuwa.

Sai kuma annobar korona. A watan Afrilun 2020 duniya ta ga hotunan 'yan Afirka kwance a bakin titi da ƙarƙashin gada a Gwanzu da jakunkunansu, masu gidajen haya da otal sun fitar da su. An yi wa baƙaƙen fata gwajin dole da killacewa, har da waɗanda ba su yi tafiya ko'ina ba. Wani reshen McDonald's ya manna sanarwar hana baƙar fata shiga, daga baya kamfanin ya nemi afuwa. Jakadun ƙasashen Afirka a Beijing sun rubuta takardar koke, a Abuja kuma Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa hotunan. Gwamnatin Sin ta ce ba ta da manufar wariya, ta kuma yi alƙawarin gyara. Alƙaluman hukumar birnin sun nuna 'yan Afirka 13,652 a Disambar 2019, amma zuwa Afrilun 2020 saura 4,553.

Mu da muka ga katafila a tsohuwar unguwar Zango, hotunan nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Bambancin kawai, mu an ba mu filaye saboda 'yan ƙasa ne. Su kuwa har masu cikakkiyar takarda abin ya shafa, sai dai mai takarda ya iya kiran ofishin jakadancinsa, marar takarda kuwa ko kuka bai isa ya ɗaga murya ya yi ba. Sai a farkon 2023 aka sake buɗe ƙasar ga matafiya yadda ya kamata.

Ina ribar take?

Mai zama a Gwanzu da la'ada yake rayuwa. Alhaji yana Waga ko Sinkase, ya turo kuɗi da jerin kaya, yaro ya zaga kasuwa, ya yi ciniki, ya duba kaya, ya kai su sito, a loda. Ƙaramin ɗan kasuwa da ba zai cika kwantena ba, sai a haɗa kayansa da na wasu, a caje shi gwargwadon wurin da kayan suka ci. Ƙaramar kwantena mai ƙafa 20 takan ɗauki kimanin mita 28 na cikin sito, doguwa mai ƙafa 40 kuma kimanin 68. Daga nan jirgin ruwa ya yi makonni kafin ya iso Lome ko Tema ko Abijan, sannan mota ta ɗauko ta Sinkase ko Dakola ko Niangoloko, ga kuɗin duwan, ga na tiranzite. Kuɗin da aka tura yau, wani lokaci sai bayan wata uku ake ganin kayansa a shago.

Shekaru 20 da suka wuce wanda ke zaune a can shi kaɗai ya san farashi, saboda haka la'adarsa tana da kauri. Yau ba haka ba ne. Masu masana'anta suna tura hoto da farashi kai tsaye ta WeChat, akwai kasuwannin intanet irin su Alibaba, kuma Sinawan da kansu sun iso kasuwanninmu sun buɗe sito. Mutanen Kantin Kwari a Kano sun fi kowa sanin wannan, domin a 2012 har jami'an shige da fice na Nijeriya suka kama wasu Sinawa da ke kasuwancin yadi a can. Mu ma ke nan ba ma son baƙo ya zauna a kasuwarmu ba bisa ƙa'ida ba, to kada mu yi mamaki in an yi mana haka a garin wasu.

Abin da ya rage wa mazaunin Gwanzu ya sayar shi ne amana da ido. Shi ne zai je masana'anta ya tabbatar tana nan, ya buɗe kwali ya ga kayan da aka loda su ne samfurin da aka nuna. A al'adar cinikin can ana ba da kafin alƙalami, galibi kashi 30 cikin ɗari, a cika sauran kafin a loda. Wanda ya cika kuɗi bai duba kaya ba, ya sayi kura a buhu. Kowane kamfani mai rajista a Sin yana da lamba mai alƙaluma 18 a takardar shaidarsa, ana iya bincikar ta a shafin hukuma. Yaron da ya iya harshen Mandarin, ya iya karanta yarjejeniya, ya san wannan binciken, har yanzu yana da abin yi. Wanda kuwa jarinsa na'urar lissafi ce da nuni da yatsa, zamaninsa ya wuce.

Sai maganar kuɗi. Da yawa daga cikinmu ta hannun 'yan canji muke turawa, a ba da sefa a nan a karɓi yuwan a can. Tun daga 2020 hukumomin Sin suka tsananta a kan irin wannan hanyar, an kuma rufe asusun bankin 'yan kasuwa da dama, musamman a Yiwu, saboda kuɗin da ya shigo musu ya gauraya da na 'yan damfara. Idan aka rufe asusun mai kaya, kayanka ma sun tsaya. Wanda kuma ya shiga ƙasar da tsabar kuɗin waje da suka haura dalar Amurka 5,000, doka ta ce ya bayyana wa kwastan.

Hakazalika a riƙa duba kalandarsu. Lokacin bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu kan rufe na makonni, ma'aikata su koma ƙauyukansu. A makon farko na Oktoba ma hutu ne. Mai son kayan Sallah su iso a kan lokaci sai ya yi lissafi da wannan.

Zaman kansa

Ban da doka da ciniki, akwai nauyin da ba a gani a hoto. Tsakanin Waga da Gwanzu sa'o'i 8 ne, tsakanin Kano ko Maraɗi da can 7, ma'ana lokacin da Alhaji ya buɗe shago ya fara kira, yaro ya riga ya yi La'asar, kuma zai kwana yana amsa waya. WhatsApp da Facebook da Google a toshe suke a ƙasar. Kusan komai da waya ake biya, ta WeChat ko Alipay. Zafin garin mai gumi ne, ba irin namu busasshe ba. Ba kowane mai gida ke ba baƙar fata haya ba, ba kuma kowane otal ke karɓar baƙon waje ba. Azumi yakan zo ya wuce babu mai tashe, Sallah ta zo ranar aiki ce.

Shawararmu

Ga iyaye da iyayen gida, kafin a sayar da fili a ba yaro jari, a tambaye shi abu uku: wace biza zai shiga da ita, wa zai yi wa aiki a rubuce, kuma ina kuɗin dawowarsa. In yana da ƙwaƙwalwar karatu, hanyar da ta fi tsafta ita ce ya je ya koyi harshen da bizar karatu, ya gama, sannan ya nemi izinin aiki ko ya yi wa kamfani rajista bisa doka. In kuwa saro kaya ne, ya je da bizar ciniki, ya gama cikin kwanakinsa, ya fito tun kafin ranar ta cika.

A kuma tuna hanyar tana da hannu biyu. Tun Disambar 2024 Sin ta cire harajin shigar kaya ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da ke hulɗa da ita, Burkina da Nijar da Mali suna ciki. Riɗin da ake nomawa a ƙasashenmu yana da kasuwa a can. Mai wayo zai fara tunanin abin da zai kai, ba abin da zai kwaso kaɗai ba.

Ga wanda ya riga ya zauna kuma Allah Ya buɗa masa, shawararmu ita ce ribar ta riƙa dawowa gida, a sayi fili mai takarda, a kafa shago, a sa yara makaranta. Kakanninmu sun yi shekaru suna zuwa Gwanja, da yawansu ba su mayar da ita gida ba, sun sayi goro sun juyo. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya sa albarka a nema, Ya dawo mana da su lafiya.